Yadda Muke Haɗa Kiɗa Uku a Tukunya Ɗaya a Karolina ta Arewa

Mu biyar ne, kuma duk Talata da yamma muke haɗuwa a garejin wani tsohon kafinta a bayan garin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Shi ne mai gogenmu, Bature ne da ya haura 70, kunnensa na hagu ya fara nauyi amma na dama ba ya barin kuskure ya wuce. Akwai wata malamar firamare, Baƙar Amurka, mai banjo. Akwai saurayi mai mandolin, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya dangin jita, wanda yatsunsa suka fi hankalinsa sauri. Akwai mai bes, wato ƙaton goge mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa a tsinka da yatsa, shi direban babbar mota ne da ba ya son yawan magana. Sai ni da jita, mutumin Maraɗi da neman abinci ya kawo nan. Abin da muke kaɗawa gauraye ne na kiɗa uku na wannan yanki: ol-tayim, wato kiɗan rawa na mutanen duwatsun Apalaciya tun na kaka da kakanni, bulugiras, wanda ya tsiro daga cikinsa a shekarun 1940, da tsohon buluz, waƙar Baƙaƙen Amurka, irin na kafin jita ta san wutar lantarki. Samarinmu da ke ganina a kasuwar manoma ranar Asabar sukan tare ni su ce, “Kawu, ta ina ake shiga wannan abu?” To ga amsar a tsanake, har da wuraren da na sha ƙasa.

Abin da nake kira goge shi ne nasu mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa a haɓa. A makarantar kiɗa biyolin ake ce masa, a ƙauye kuma fidil. Kayan ɗaya ne, hannun da ke jansa ne ya bambanta. Ni dai goge zan ci gaba da ce masa.

Kar ka sayi komai tukuna. Ka ba kunnenka wata guda ya koyi gane wane ne sarki a kowane kiɗa, don nan duk bambancin ya kwanta. A ol-tayim goge ne sarki, amma ba ya fita shi kaɗai: kowa na bin kari ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita, a sake maimaitawa, har masu rawa su jiƙe da gumi. Ba wanda ake buɗe wa fili ya nuna gwaninta. A bulugiras sarautar karɓa-karɓa ce. Mawaƙi ya yi baiti ya ja baya, mai banjo ya fito ya zuba nasa, a dawo waƙa, mai mandolin ya fito, haka har a zagaya. A buluz kuwa bakin mawaƙi ne sarki. In ya ja kalma ya daɗe a kanta, ku jira shi. In ya yanke ya faɗa baiti na gaba tun ba ku shirya ba, ku bi shi a guje.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa haɗa su sabon yayi ne. Arewa da mu kaɗan akwai garin Eden, wanda wani ɓangarensa a da ake kira Spray. Can Charlie Poole ya yi aiki a masaƙa, ya je New York a 1925 da mai goge da mai jita, suka ɗauki faifai, kuma cikin kiɗan nasu akwai rawar ƙauye, akwai buluz, akwai waƙoƙin dandalin birni. Bill Monroe ɗan Kentaki, wanda daga sunan ƙungiyarsa aka samo kalmar bulugiras, da bakinsa ya sha faɗin abin da ya koya wurin Arnold Shultz, wani Baƙin mutum mai jita da goge wanda Monroe ya bi wuraren rawa yana yaro. Lesley Riddle, shi ma Baƙi, shi ya riƙa raka A.P. Carter, mawaƙin ƙungiyar Carter Family, ƙauyuka farautar tsofaffin waƙoƙi. Kamfanonin faifai ne a shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu, wannan kundi na Baƙaƙe, wancan na Turawan ƙauye, alhali makaɗan a baranda ɗaya suka sha zama.

Yanzu kaya. Mutum huɗu ko biyar sun isa: goge, banjo, jita, bes, in an samu mandolin a ƙara. Jita biyu a ƙungiya irin wannan masifa ce, sai dai in ɗaya zai haƙura ya riƙa yin shiru. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ganga kuwa babu ita sam, kuma wannan ne ya fi ba mutumin gida mamaki. Aikin ganga an raba shi ne tsakanin bes da jita da mandolin.

Banjo ce za ta fara ba ku ciwon kai, don kusan kaya biyu ne da suna ɗaya. Ta bulugiras tana da murfin katako a baya mai turo sauti gaba, ana sa mata faratan ƙarfe a yatsa biyu da na roba a babban yatsa, a riƙa mirgina sauti kamar ruwan sama a kan kwano. Salon Earl Scruggs ke nan, ɗan wannan jiha daga wajen Shelby, wanda shigarsa ƙungiyar Monroe a ƙarshen 1945 ta sa kiɗan ya zama abin da aka sani yau. Ta ol-tayim bayanta a buɗe yake, ba a sa mata farce. Hannu ake lanƙwasawa kamar za a ƙwanƙwasa ƙofa, bayan farcen yatsa ya sauka kan tsirkiya, babban yatsa ya maƙale 'yar gajeriyar tsirkiya ta biyar ya sake ta. Ranar da na fara ganin malamar tana yi, sai da na ajiye jita na matso kusa. Da ta sa yatsa ta ɗaga sautin tsirkiya ɗaya ta shiga wani tsohon kari mai duhu, wallahi gurmin Haruna Uji ne ya faɗo mini a rai. Ita ta ba ni labarin: bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa banjo a tsibiran Karibiyan da ƙwarya da fata, kuma mutanen Jola na Senegal da Gambiya suna da akontin, mai ƙwarya da gajeriyar tsirkiyar babban yatsa, wadda ake bugawa ƙasa kamar haka. Ban ce banjo daga gurmi ta fito ba, kar a je a ce na ce. Dangi ne dai da ka gan su ka san jini ɗaya ne.

Shawarata, in mai banjonku ɗaya ne, ya fara da mai buɗaɗɗen baya. Tana shiga ol-tayim, tana shiga buluz, kuma ba ta danne murya. Mai murfin nan in ta buɗe wuta a ƙaramin ɗaki, kowa sai ya koma kurma.

Kalmomi uku za ka riƙe kafin zaman farko. Kowace waƙa da gidanta, wato sautin da take tashi daga kansa kuma take komawa ta kwanta, kuma da harafi suke kiransa: G, ko D, ko A. Sai kamu, wato yadda yatsun hagu ke danne tsirkiyoyi su ba da sautuka da suka jitu. Galibin waƙoƙin nan kamu uku suke ci, kuma da lamba ake kiransu: ɗaya, huɗu, biyar. A gidan G, su ne G da C da D. A gidan D, su ne D da G da A. A gidan A, su ne A da D da E. Ka haddace lambar, don a tsakiyar kiɗa ba mai lokacin yi maka bayani, yatsu huɗu kawai za a ɗaga maka. Na uku ita ce gaɓa, wato bugu huɗu. Bes na taka na ɗaya da na uku, mandolin na sare na biyu da na huɗu da wani gajeren sara kamar an datse kara da adda, jita kuma na yin duka biyun: tsirkiya mai kauri, sannan shara, mai kauri, sannan shara. Bum, cak, bum, cak.

Wata biyu na yi ba na yin komai sai wannan bum-cak. Na ji haushi, don ina ganin na iya abin da ya fi haka. Tsohon bai saurare ni ba. Yakan ce in riƙe masa ƙasa, shi zai yi sama.

Inda aikin yake shi ne yadda ake zama a kan bugun, kuma a nan zan daɗe. Bugun ɗaya ne, amma zama uku ake yi masa. A ol-tayim daidai tsakiyarsa ake takawa, ba gaba ba baya, kamar matan da ke daka su uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a lokacinta. A bulugiras ana ɗan rinjaya gaba, kamar mai gangarowa daga tudu da kaya a ka: saurin bai ƙaru ba, amma jiki na jin ana tura shi. A buluz ana jingina baya, kuma ba a raba bugu biyu daidai, na farko ya fi tsawo, na biyu gajere, kamar tafiyar raƙumi. In mutum biyu a cikinku suna tsakiya, ɗaya na rinjaya gaba, ɗaya na jingine, kowa zai rantse shi ne daidai, kuma duk da gaskiyarsu, amma abin da zai fito kunu ne mai gudaji.

Maganin da muka samu mai arha ne. Ku ajiye waya a tsakiyar da'ira ta ɗauki sauti, ku kaɗa minti biyu da bes da jita da mandolin kawai, ba goge ba banjo ba waƙa. Ku saurara tare. Ranar farko ba wanda zai ji daɗi. Ni na gano cewa duk lokacin da za mu koma kamu na biyar ina yin gaggawa, kamar mai tsoron mota za ta tashi ta bar shi. Akwai manhajar waya mai ƙirga bugu. Ku sa ta kan 80 a minti, ku zauna a nan har ya daina zame muku, sannan ku hau. Masu rawa sukan so wajen 112 zuwa 120, in ana ƙirga takun bes.

Sai dokar da ta riƙe ƙungiyarmu har yau: kafin a taɓa tsirkiya, a faɗi dokar da waƙar za ta bi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A takardar jerin waƙoƙinmu, gaban kowace akwai harafi ɗaya da tsohon ya rubuta da fensirin kafinta, mai nuna ko ta taro ce, ko ta karɓa-karɓa, ko ta mawaƙi.

Da wuya na koyi wannan. An gayyace mu kiɗan rawa a zauren taron wani ƙauye, irin rawar da ake tsayawa mutum takwas-takwas, wata mata riƙe da makirfo tana kiran abin da za a yi: ku zagaya, ku sauya abokin rawa, ku koma gida. A makon na je wani zaman bulugiras, kaina ya cika. Muna cikin zagaye na biyar na wani kari, sai na ga abin ya fara gundurata, na kaɗa wa yaron mandolin kai alamar ya fito, ni kuma na sassauta hannu don a ji shi. Yaro ya samu abin da yake so, ya hau sama yana zuba gwaninta. Tsohon ya ɗaga izgarsa don ya ba shi wuri. Cikin daƙiƙa kaɗan ƙarar takalma a kan katako ta watse, wani dogo mai jar riga ya yi karo da matar da ke bayansa, rukuni biyu na masu rawa suka cakuɗe. Mai kiran ta juyo ta dube mu ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba. Da muka fita shan iska, tsohon yana goga ƙaro a izga ya ce mini, “Ɗana, a nan ba mai kallonka. Ƙafafunsu za ka riƙa dubawa.” Tun ranar, in muna kiɗan rawa, idona na kan takalman mutane.

Karin rawa yawanci kashi biyu ne, kowane gaɓa 8, a yi na farko sau biyu, na biyu sau biyu, jimla 32, sannan a koma farko. Akwai waɗanda suke kira karkatattu, masu ƙarin bugu ko ragi a wani wuri. Suna da daɗi ƙwarai a baranda, amma in rawar mai ƙirga ce, irin ta dogayen layuka biyu, kar ku kusance su. Buluz da aka fi sani gaɓa 12 ne: huɗu a kamu na ɗaya, biyu a na huɗu, biyu a na ɗaya, biyu a na biyar, biyu a koma gida, layin waƙa na farko a faɗe shi sau biyu, na uku ya ba da amsa. Sai dai tsofaffin ba su ɗauki ƙirgar nan farilla ba. Ka saurari faya-fayan shekarun 1920 da 1930, za ka ji wani ya yi 11, wani 13 da rabi. Don haka mai bes ɗinmu, in aka shiga buluz, bakin mai waƙa yake kallo.

To in kowace waƙa da dokarta, ina haɗin yake? A aro yake, kuma aro ɗaya tak a waƙa ɗaya. Ga yadda za ku gwada. Ku ɗauki waƙar nan “Sitting on Top of the World”. Mississippi Sheiks, ƙungiyar Baƙaƙe masu goge da jita, suka fara ɗaukarta a 1930, a hankali, goge na kuka a bayan murya. Bill Monroe ya ɗauke ta a 1957 ya sa mata gudu. Doc Watson, makahon nan na Deep Gap a duwatsun jiharmu, ya zaunar da ita da jita shi kaɗai. Ku saurari ukun, sannan a zama ɗaya ku kaɗa ta sau uku, kowane da dokarsa tsantsa. Bayan nan ku zaɓi doka ɗaya, ku aro abu ɗaya daga maƙwabciya. Mu mun zaɓi dokar buluz, mawaƙi ne sarki, muka aro amshin murya uku na bulugiras a layin ƙarshe kawai. A wani karin rawa kuma dokar ol-tayim muka bari yadda take, abin da muka aro shi ne zamiyar buluz a goge, inda yatsa ke shiga sauti daga ƙasa ya ja shi sama ya tsaya a tsakani, wurin da ƙarafunan wuyan jita ba su san da shi ba. Goge ba shi da waɗannan ƙarafuna, kamar dai kukuma, shi ya sa wannan aiki ya fi yi masa sauƙi. Duk lokacin da muka yi kwaɗayin aro biyu ko uku, waƙar takan rasa kamanninta, ba ta tsuntsu ba ta dabba.

Ga mai jita akwai ƙarin aiki, don buluz ɗin wannan yanki da yatsu ake tsinkarsa. Babban yatsa na kai da komo tsakanin tsirkiyoyi biyu masu kauri ba ya tsayawa, sauran yatsu na ɗaukar kari a sama. Hannun Blind Boy Fuller ke nan na Durham, da Etta Baker ta Morganton, da Elizabeth Cotten ta wajen Chapel Hill, bahaguwar da ta juya jitar dama ta kaɗa ta a kife. Ka fara da babban yatsa shi kaɗai, mako biyu, kana hira da iyali yana tafiya. In ka iya amsa tambayar uwargida ba tare da ya tsaya ba, ka ƙara yatsa ɗaya. Kuma ka gaya wa mai bes ya rage hannu a irin wannan waƙa, ko ya yi shiru baiti na farko, don babban yatsanka ya riga ya karɓi aikinsa.

Murya ita ta fi wahalar da ni. Mu a gida mun saba jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya. A bulugiras mutum uku ne ke faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da sautinsa: ɗaya na riƙe da kari, ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Aka ba ni na ƙasa. Ko layi ɗaya ba na kaiwa sai in ji na zame na koma bin mai kari, kamar akuyar da ta ga garke. Malamar ce ta yi maganin abin. Ta sa muka tsaya a kalma ɗaya, ta ƙarshen amshi, kowa ya riƙe sautinsa har numfashi ya ƙare, ni da yatsa toshe a kunne ɗaya don in ji kaina. Da wannan ta zauna, muka ƙara kalmar da ke gabanta, muna ja da baya har muka kai farkon layi. Ta kuma ɗaukar mini nawa kashin shi kaɗai a waya, na yi ta bi a mota a hanyar aiki. In kun dace, za ka ji wani kaɗawa a ƙirji da haƙora, kamar akwai mutum na huɗu a ɗakin.

Yanzu maganar da ba wanda ya gaya mana sai da muka ji kunya: ɗaurin tsirkiya. Jita da mandolin da bes ɗauri ɗaya suke yini da shi. Goge da banjo na ol-tayim kuwa kowane gida da nasa. Gogen da aka saba G, D, A, E ne. In za a shiga gidan D, tsohon kan ɗaga ta ƙasa ta koma A. In gidan A ne, ya ɗaga biyu, ya zama A, E, A, E, don tsirkiyoyin da ba a danna ba su riƙa amsawa. Banjo ma haka, ɗaurin G daban, na D daban, ga ɗan maƙalen da ake matse wuya da shi, ga 'yar gajeriyar da ita ma sai an bi ta. Fitarmu ta farko a kasuwa mun jera waƙoƙi yadda suka yi mana daɗi: wannan a G, ta biye a A, ta uku a D, a sake komawa G. Mutane sun taru kusan talatin a waƙar farko. Aka tsaya ɗauri. Suka ragu. Aka sake tsayawa. Kafin ta biyar, daga wata tsohuwa mai kwandon tumatir sai karenta, ita ma ina jin inuwa ta biyo.

Ku jera waƙoƙi gida-gida. Mu yanzu da D muke buɗewa, kari uku ko huɗu a jere. Sai ni da mai waƙa mu yi buluz biyu da jita kawai, a lokacin tsohon da malamar sun juya baya suna ɗauri a hankali. Su dawo a A, mu yi na A duka. Sai wani ya yi wa jama'a 'yar hira, ya faɗi inda waƙar gaba ta fito, su kuma su sauko G, mu rufe da bulugiras masu gudu da amshi. Ɗauri biyu ke nan a awa guda, kuma ba wanda ya lura. Kowa ya sayi 'yar na'urar ɗauri da ake maƙalawa a kan kaya. Sabuwar tsirkiya kuma tana miƙewa kwana biyu kafin ta zauna, saboda haka kar ka sauya ranar fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanayi ma abokin gaba ne. Zafin nan da laima yake zuwa, banjo mai fatar gaske takan saki ta yi laushi, yadda fatar kalangu ke yi da damina. Shi ya sa yawanci yanzu roba ake sa mata. Da hunturu kuma na'urar ɗumama ɗaki na busar da katako har jita ta tsage. Ka bar ta cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, kuma kar ka bar ta a mota, rani ko ɗari.

Makirfo ɗaya muke amfani da shi, a tsakiya, mu yi masa rabin da'ira. Wanda zai fito ya matso, wanda ya gama ya ja baya ta gefe, banjo can nesa don ita ba ta buƙatar taimako. Wannan ma sai an yi bitarsa kamar kiɗan, in ba haka ba wuyan jita zai sami wani a ido.

Wurin kaɗawa kuwa, yawancin gayyata a nan daga gidajen giya take zuwa. Tun farko na gaya musu ni ba na zuwa, kuma ba a yi rigima ba, in sun samu irin wannan sukan nemi wani mai jita na dare ɗaya. Kasuwar manoma, ɗakin karatu, gidan tsofaffi, biki, zauren rawa, sun ishe ni. Bulugiras kuma cike yake da waƙoƙin coci. In aka zo kansu nakan ja baya in sha ruwa, su yi abinsu. Ka faɗi iyakarka a zaman farko, ya fi ka zo kana noƙe-noƙe daga baya. Kuɗin da aka jefa a akwatin jita raba daidai muke yi, bayan an cire na man motar mai bes, tunda shi ke jigilar kaya.

Faifai kaɗai ba zai koya maka ba, sai ka je inda ake yi. Daga Greensboro zuwa Mount Airy awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Yankin Tommy Jarrell ne, mai gogen da mutane suka riƙa zuwa gidansa daga nesa don koyo har rasuwarsa a 1985, kuma gidan rediyon WPAQ na garin tun 1948 yake watsa wannan kiɗa. Ana taron masu goge a can farkon watan Yuni, na Galax a Bajiniya kuma a watan Agusta, shi tun 1935 ake yinsa. Gabas da mu, a Mebane, nan Joe Thompson ya zauna, Baƙin mai goge da ya gaji kiɗan daga mahaifinsa. Matasa uku suka riƙa zuwa gidansa daga 2005, cikinsu har da Rhiannon Giddens 'yar Greensboro, suka zama Carolina Chocolate Drops, suka ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2011, shekara guda kafin tsohon ya rasu.

In ka je taron, kar ka ɓata darenka a gaban dandali. Ka bi bayan fili inda aka kafa tantuna, nan ake kiɗan gaske har asuba. Ka tafi da kujerarka marar hannu, don mai hannu tana tokare gwiwar hannu. In ka ga da'ira, ka tsaya a baya ka saurari kari biyu tukuna, ka gane doka wace suke bi. In ka ga kowa na kaɗawa tare gwiwa na gugar gwiwa, ol-tayim ne, kuma za su daɗe a gida ɗaya, ka tambayi na kusa da kai a hankali wane gida ake. In a tsaye suke ana ba juna fili, bulugiras ne, in aka kaɗa maka kai ba ka shirya ba, ka girgiza naka, za a wuce ka ba tare da an ji komai ba. Ka zauna inda kake hango hannun hagu na mai jitarsu, ka bi kamunsa, sautinka ƙasa da nasa. Ka riƙa satar kallon ƙafar mai goge: in ya ɗaga ta sama, wannan zagayen ne na ƙarshe.